Gidan Sanele na Hawa na Tara

A cocinmu na garin Logan baki bai taɓa zama ɗaya a kan Sanele direban bas ba. Matan ƙungiyar mawaƙa sukan ce tun da mutanen Samoa suka fara sauka a unguwar nan ba a ga mai sakin hannu kamarsa ba. Mazan da ke jingina da motoci bayan an tashi sujada kuwa cewa suke rowarsa ta fi ƙarfin addu'a: mutum yana da gida sukutum a Gold Coast, garin shaƙatawa na bakin teku, katanga ɗaya da filin wasan nan mai jiragen da ke kifa mutane a sararin sama, amma sati ɗaya tak yake ba da aronsa a shekara. Da aka nemi Fasto ya raba gardama, sai ya ce shi dai iyakar saninsa, Sanele mutumin kirki ne da ba ya son rabuwa da hularsa.

Hular shuɗiya ce mai tauraro a goshi, irin wadda kulob ɗin hutu ke ba mambobinsa. Ita kaɗai Sanele ya taɓa mora a cikin cinikin.

Wata Asabar ce, lokacin 'yarsa Teuila tana famfara, wata Baturiya mai fara'a ta tare su a kanti ta ce su zo su ji ɗan bayani, ba a tilasta kowa. Aka zaunar da su a ɗaki mai sanyi, aka kawo shayi da kek. Kafin matarsa Malaea ta dawo daga kai yarinya bayan gida, Sanele ya yi wa farantin kek ɗin ɓarna, kuma a gidan da aka raine shi wanda ya ci abincin mutane ba ya miƙewa ya ce musu a'a. Ya sa hannu.

Abin da ya saya ba gida ba ne. Sati ɗaya ne a kowace shekara, a hutun makaranta na Satumba, a wani sashe mai ɗaki biyu, da tikitin shiga filin wasa, da kuɗin kula da gini wanda kullum yake ƙara tsawo kamar yaro mai tasowa. Sauran makonnin na wasu mutane ne da bai taɓa gani ba. Amma ranar Lahadi da ya ce wa wani, "Mun ɗan sami wuri a Gold Coast," kafin maganar ta isa kujerun baya ta zama gida mai bene. Shi kuma ya gyara zaman hularsa, ya bar zancen a haka.

Labarin ya kai kunnen yayarsa Siniva tun kafin a rufe taro da addu'a. A wajenmu namiji ba ya ce wa 'yar'uwarsa a'a. Shi ke yi mata hidima tun suna yara, ita ke fara cin abinci, kuma ɓacin ranta abu ne da ko masu sarauta suke kewaye masa. Shekarar farko ɗanta Ioelu ya yi aure. A wurin biki mai shela ya tsaya yana jero kayan da dangi suka kawo, tabarmin alfarma da ake gada, kwalayen naman gwangwani, alade gasasshe, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Da sati guda a gidan Sanele na bakin teku." Aka tafa. Shekara ta biyu baƙin Fasto ne daga Apia, can gida Samoa. Daga nan wata gwauruwa mai ciwon gwiwa, sai wani ango da amaryarsa, sai shugabar mawaƙa da ta yi ritaya. Kowa ya dawo yakan kawo hoton godiya, har ƙofar firij ɗin Sanele ta cika da fuskokin mutane baki buɗe, gashi a tsaye, suna ihu a sararin sama.

Bana Teuila tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ta riga ta sami gurbi a aikin sojan ruwa.

"Janairu yarinyar nan za ta tafi," in ji Malaea wata yamma tana feren gwaza. "Sojan ruwa ba su san hutun Satumba ba."

"Na sani."

"Ka sani. Tun tana wawulo kake ce mata baɗi. Baɗi ta zo ka ce baɗi. Yanzu ta fi ka tsawo."

"Da takalmi."

"Ko ba takalmi. Ka ji ni da kyau, mai gida biyu. Bana ko mu kwana a wurin nan, ko kuwa ranar Lahadi bayan sanarwar coci in miƙe in yi tawa."

Teuila ta shigo ɗaukar ruwa. Ta buɗe firij, ta rufe, ta ɗan tsaya tana duban hotunan.

"Ki ƙyale shi, Mama. Ai na san wurin. Ga Ioelu nan a hoto yana kuka a kan jirgin."

Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya sa Sanele ya kasa cin tuwon gwazarsa a ranar.

Lahadi bayan sujada aka taru cin abinci a gidan Siniva kamar kullum. Da ta ɗauki kan kifi da hannunta ta sa masa a faranti, Sanele ya sha jinin jikinsa. Ta ce tsoho Penitito, baffan mijinta, yana tafe daga tsibirin Savai'i na Samoa za a yi masa aikin ido. Kafinta ne da rabin coci-cocin yankinsu suka fito daga hannunsa. Ya daɗe yana jin labarin gidan, yana so in idon ya buɗe ya fara da ganinsa.

Malaea ta ajiye cokali a hankali. Sanele ya dubi kifin, kifin ya dube shi.

"Yaya, bana akwai matsala. Bututu ya fashe."

"Bututu?"

"Na kicin. Ruwa ya malale ko'ina. Kafet ya jiƙe sharkaf, fentin bango yana ɓarewa, har kabad-kabad sun kumbura. Ba ya shiguwa, balle a kai dattijo mai sabon ido."

"Allah sarki," in ji Siniva. Ta daɗe tana kallonsa. "Kai kaɗai kake ɗauke da wannan a ranka, ba ka gaya wa kowa ba?"

"Ba komai, Yaya."

Ta ƙara masa kifi.

A mota Malaea ta ce, "Har kabad?"

"Ta yi ta kallona. In na yi shiru sai in ji kamar ban gama ba."

Suka sulale ranar Asabar da safe, bayan sun baza cewa za su garin Toowoomba duba wata 'yar'uwar Malaea. Sanele ya kafa doka: ba hoto, ba amsa waya, ba gaisawa da duk mai kama da ɗan Samoa. Da suka isa Gold Coast, sau biyu yana wuce ƙofar ginin bai gane ta ba. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta duba kwamfuta, ta dube shi, ta ce sunan nan ta san shi tun ranar da ta kama aiki, fuskar ce dai kowace shekara take canzawa.

Sashen ya yi kyau, ba ƙarya. Ta baranda ana hango teku a can, ana jin ihun mutane daga filin wasa a nan. Abin da ba su yi tsammani ba shi ne shiru. Ba mai buga ƙofa neman aron tukunya, ba jariri a kan kujera, ba wanda ke jiran a fito daga banɗaki. Suka zauna su uku a falo kamar masu jiran likita. Malaea ta shiga kicin don ta sami abin yi, kuma da yake hannunta bai san awon mutum uku ba, ta dafa shinkafa da taliya da ɗanyar ayaba cikin madarar kwakwa wanda zai ishi ƙungiyar mawaƙa da mazajensu.

Sanele ya zo da tsari, kuma tsarin tun na shekarar sa hannu ne. Ya kai Teuila rumfar da ake zana wa yara fuska, aka zana mata malam-buɗe-littafi a kumatu, mai zanen tana tsaye a kan ɗan akwati don ta kai. Ya kai ta karin kumallo da mutanen nan masu shigar dabbobi, inda wani da ke cikin rigar koala ya zo zai rungume ta, ya ɗaga kai ya ga inda fuskarta take, ya miƙa mata hannu kawai. Ya saya mata balan-balan. Duk ta karɓa. "Na gode, Baba," take cewa, da irin ladabin da ake yi wa baƙon da ya kawo tsarabar da ba ta yi daidai ba. Shi kuwa yana ji a jikinsa akwai abin da bai zauna ba, sai ya ƙara sayen wani balan-balan.

Litinin da hantsi, yana cikin gajeren wandon wanka, ya shafa man kare rana fari fat a hanci, wayar ɗaki ta yi ƙara. Yarinyar teburin baƙi ce. Ta ce ya ɗan sauko, ma'aikatansa sun iso.

Bas ɗin coci na tsaye a gaban gini. A cikin zauren mai sheƙi ga Siniva da ɗankwalin aiki, ga mata riƙe da bokitai da tsintsiya da tsummoki, ga mijinta da gwangwanayen fenti, ga Ioelu, wanda yanzu gyaran famfo ce sana'arsa, da akwatin kayan aiki. A tsakiyarsu tsoho Penitito ne cikin zane, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ya rungume zarto kamar jariri. Wasu Turawa masu tawul a kafaɗa sun tsaya suna kallo.

Siniva ta hango shi, ta juya ga jama'arta.

"Ba na gaya muku ba? Toowoomba, wai. Ya zo shi kaɗai yana fama da ruwa don kada ya ɗora wa kowa nauyi. Ku dubi har gajeren wando ya sa."

"Yaya..."

"Rufe baki. Shekara da shekaru muna cin moriyar gidan nan, yau ya lalace sai mu naɗe hannu? Ioelu ya bar aikin kwana biyu. Baba ma likita ya ce ya kwanta, ya ce ba zai kwanta ba ɗansa yana cikin ruwa."

"Ina kabad ɗin?" in ji tsohon. "In itacen kirki ne ana iya ceto shi."

Lif bai ɗauke su gaba ɗaya ba, sai kashi-kashi. Sanele ya hau da kashin farko, tsakanin yayarsa da zarto. Bai taɓa sanin hawa tara kusa ne haka ba.

Malaea ta buɗe ƙofa. Ta dubi bokitai, ta dubi mijinta, ta matsa gefe. Aka cire takalma aka shiga. Matan suka taka kafet a hankali, suka sake takawa. Ioelu ya kwanta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da tocila, ya daɗe, ba don yana neman wani abu ba sai don ba ya son fitowa. Tsoho Penitito ya bi kabad-kabad yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa.

"Wannan ba itace ba ne, garin katako ne aka manne," ya ce. "Amma bai taɓa ganin ruwa ba."

Siniva ta dubi tawul ɗin da ke shanye a baranda, da balan-balan da suka taru a silin, da tikitin roba da ke ɗaure a wuyan hannun ƙanenta.

"Ya bushe da wuri," ta ce.

Ta juyo ta fuskanci Sanele.

"Ashe abin da mazan coci ke faɗa gaskiya ne, ni ce nake ta kare ka. Shekara guda cur kana zuwa kana miƙe ƙafa, ba mu taɓa cewa ka ƙara mana ko kwana ɗaya ba. Satin nan ma da kake gutsura mana, ka ga ya yi yawa. Da ka ce mini a'a, Sanele, da ya fi wannan."

Sanele ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki, ya tuna akwai mutum goma sha a ɗakin da duk suka san shi da gidan bene, ya rufe.

Teuila ta fito daga bakin ƙofar ɗaki. Ba a yi wa manya magana a tsaye, don haka ta naɗe dogayen ƙafafunta ta zauna a kan kafet, da sauran fiffiken malam-buɗe-littafi a kumatunta.

"Goggo, ku gafarce ni, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Ba gidansa ba ne. Sati ɗaya ya saya, shi ke nan. Satin da kuke karɓa shi ne duka. Ni shekaranjiya na fara ganin ɗakin nan. Mama ma haka. Shi ma sai da ya tambayi mai shara inda lif yake."

Siniva ta juya a hankali. "Haka ne?"

"Haka ne, Yaya."

"Sauran shekarar fa?"

"Ta wasu ce."

"Su wa?"

"Ban san su ba."

Tsoho Penitito ya karkato da lafiyayyen idonsa. "Tsaya, ɗana, in fahimta. Gadon nan, kai ka kwana, wani ya zo ya kwana, wani ma ya zo, kuma kowa yana cewa nasa ne?"

"Haka ne, Baba."

"To ai mu ma haka muke yi a ƙauye. Sai dai mu mun san junanmu, kuma ba ma biya."

Wata daga cikin matan ta toshe baki da tsumma. Ioelu ya fito daga ƙarƙashin famfo kafaɗunsa suna rawa. Siniva ba ta yi dariya ba. Tana kallon yarinyar da ke zaune a ƙasa, kuma da gani lissafin shekaru take yi.

"Tunda kun zo," in ji Malaea, "akwai shinkafa."

Aka shimfiɗa zannuwa a falo, tsohon ya sa albarka, aka ci. A karo na farko ɗakin ya yi kama da wurin da mutane ke zaune. Bayan an gama, matan suka ce ba za su koma da bokitai a bushe ba, suka wanke baranda da banɗaki da tagogi. Tsoho Penitito ya sami wata ƙofar kabad da ta ɗan karkace ya daidaita ta, ya ce ko ba komai waɗanda ba a sani ba ɗin za su ji daɗi.

Siniva ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa tana sa takalmi, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Ba ni ce zan ba yarinyar nan haƙuri ba. Na ɗauka daga cikin yalwa nake ɗiba. Kai ne ka san abin da kake miƙo mini nata ne."

"Yaya, ai ba a ce miki..."

"Ba a ce mini a'a. Ana gaya mini gaskiya." Ta gyara ɗankwali. "Kada in ga ƙeyarka a Logan kafin Asabar. Maganar baɗi kuwa, sai mun zauna."

Da la'asar Malaea ta ce ita kanta ya ɗauki zafi, za ta kwanta. Uba da 'ya suka shiga filin wasa su biyu. Sanele ya nufi wajen dawakin katako masu kewayawa, Teuila ta riƙo hannun rigarsa.

"Baba, yau ni zan zaɓa."

Ta nuna wani jirgi da layin dogonsa ya miƙe tsaye kamar tsani, ya lanƙwasa can inda tsuntsaye ke wucewa, sannan ya zubo ƙasa. Sanele ya ce shi direba ne, ya san abin hawan da ba shi da birki in ya gan shi. Ta ce ba komai, in yana tsoro ya riƙe mata jaka. Ya shiga layi.

Layin ya yi ta ja a hankali. Sau da dama ya juya zai ce wani abu, sai ya ɓuge da tambayarta ko tana jin ƙishirwa. Da suka zauna, ƙarfen da ke riƙe mutum ya ƙi rufuwa a kan tumbinsa, sai da ma'aikata biyu suka danna yana riƙe da numfashi. Teuila ta yi dariya har da hawaye, irin dariyar da rabonsa da jin ta tun tana firamare.

Jirgin ya fara hawa, sarƙa tana ƙara a ƙarƙashinsu. Ƙasa ta yi ta ja da baya. Ya ga rufin motoci, ya ga teku, ya ga baranda mai sheƙi a hawa na tara. Ya damƙe ƙarfen da hannu biyu, ya dubi gabansa, ya yi magana a cikin maƙogwaro.

"Me ka ce, Baba? Ba na ji."

Saura kaɗan su kai ƙololuwa. A bayansu akwai wasu samari, a gabansu wata Baturiya da jikanta. Sanele ya juyo ya dube ta, ya ɗaga muryar da yake kiran tasha da ita a cikin bas, har na kujerar ƙarshe suka ji.

"Na ce ki yafe mini, Teuila. Naki ne, na yi ta kyauta da shi. Na kawo ki a makare. Ki yi haƙuri, 'yata."